Igiyar da masoya suka ɗaure Amitabh Bachchan da ita

A 1990 aka saki Agneepath, wanda Mukul Anand ya ba da umarni, Yash Johar ya zuba kuɗi. Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba kallon Amitabh Bachchan. An yi wa wani malamin makarantar ƙauye ƙazafi, jama'a sun kashe shi da duka, ɗansa ya taso a Bombay da wuta a zuciya, ya shiga harkar miyagu don ya rama. Abu ɗaya ne sabo a ciki, murya. Amita ya ajiye muryar nan tasa mai kauri, wadda ko ta bayan katanga ka jiyo ta ka san shi ne, ya ɗauko wata dusasshiya mai kartar maƙogwaro, kamar ta wanda ya kwana yana tari. Ya rambaɗa kwalli, ya sauya zama, ya sauya yadda yake karkata wuya in zai yi magana. Yana da shekara 47 a lokacin, kuma da gani ka san mutum ne da ya gaji da maimaita kansa.

Masu kallo a Indiya suka ce ba su san zance ba. Ana ba da labarin cewa a wasu gidajen silima har an zaci lasifika ce ta lalace. Dole ta sa ya koma ɗakin naɗar murya, ya sake karanta maganganun da tsohuwar muryarsa, kuma duk da haka fim ɗin bai kawo kuɗin da aka sa rai ba. Amma da alƙalan kyautar fina-finai ta ƙasar suka zauna, shi suka ba kambun gwarzon ɗan wasa, karo na farko da ya same shi. Aiki ɗaya ne, masana sun ce ba a yi kamarsa ba a shekarar, masoya sun ce a mayar musu da mutuminsu yadda suka san shi.

Duk lokacin da aka tayar da zancen dalilin da ya sa jarumi kaza kullum rawa ɗaya yake takawa, mutum biyu ake ɗora wa laifi. Ko dai a ce jarumin ne ba shi da basira, iyakar abin da ya iya ke nan, ko a ce furodusoshi ne masu kwaɗayi ba sa son gwada sabon abu. Ban ce babu gaskiya a duka biyun ba. Amma ni a ganina igiyar da ta fi kauri tana hannunmu mu masu kallo, kuma wanda ya fi son jarumin shi ya fi tamke ta. Ban san wata rayuwar ɗan wasa da ta nuna haka ƙarara kamar ta wannan dattijo ba, shi ya sa na ɗauko shi.

Ina da wani yaya da ke cikin irin waɗannan masoya. Ya san maganganun Amita na tsofaffin fina-finai a ka, duk da ba ya jin yaren Hindi. Ran nan na ce masa, "Yaya, ka kalli Piku kuwa?" Ya ce wane ne jarumin. Na ce mutuminka ne. Ya tambaye ni wa yake duka a ciki. Na ce babu kowa, tsoho ne mai fama da taurin bayan gida. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa, ya ce, "Kai dai yaro ne. Amita ya ƙare tun Khuda Gawah." Wato tun 1992. Shekara talatin da ɗoriya na aikin mutum, da uku daga cikin manyan kambunansa huɗu, yayana ya share su da hannu ɗaya saboda babu naushi a ciki.

Abin da irin su yaya suke mantawa shi ne, kafin naushin ma akwai ɗan wasa. An haifi Amitabh a 1942 a Allahabad, ɗan wani shahararren marubucin waƙoƙin Hindi, Harivansh Rai Bachchan. Fim ɗinsa na farko, Saat Hindustani, ya fito a 1969. A 1971 ya fito a Anand a matsayin likita mai ƙarancin magana, Bhaskar Banerjee, wanda ke tsaye yana kallon majinyacinsa, Rajesh Khanna, yana mutuwa da ciwon daji yana dariya. Aikinsa a wannan fim kusan duk sauraro ne da haɗiye magana. A wannan shekarar kuma ya fito a Parwana, masoyin da kishi ya mayar mai kisan kai. A Abhimaan na 1973 mawaƙi ne da ya kasa jure ganin matarsa ta fi shi farin jini, har ya rusa gidansa da hannunsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin na wannan zamanin shi ne Saudagar, shi ma na 1973. Ya fito a matsayin Moti, ɗan kasuwar ƙauye mai sayar da mazarƙwailar da ake dafawa da ruwan itacen dabino. Wata bazawara ce ke dafa masa, Nutan ta fito a matsayinta, kuma hannunta ne ya sa kayansa suka fi na kowa. Sai ya ga wata budurwa yana so, ba shi da kuɗin sadakinta. Me zai yi? Ya auri bazawarar don ya daina biyan ta ladan aiki, ya tatse ta har kuɗin suka taru, ya sake ta, ya auri budurwar. Babu wurin da fim ɗin ya wanke shi. Ƙaramin mutum ne mai ƙaramar mugunta, irin wadda ake yi a cikin gida ba tare da an ɗaga murya ba, kuma Amita ya taka ta ba tare da ya nemi ka tausaya masa ba. Indiya ta aika fim ɗin gasar Oscar, amma a kasuwa bai yi wani abin a zo a gani ba. Wanda ya iya wannan yana ɗan shekara talatin, ba za a ce naushi kaɗai ya iya ba.

A dai wannan shekarar Zanjeer ya fito, komai ya sauya. Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta, Prakash Mehra ya ba da umarni, kuma manyan taurarin lokacin da dama sun ƙi karɓar rawar kafin ta faɗo hannun wannan dogon saurayi da fina-finansa suka yi ta faɗuwa. Sufeton 'yan sanda ne mai suna Vijay, ba ya murmushi, ba ya bin budurwa a cikin furanni. Da gawurtaccen mai gidan caca ya shigo ofishinsa zai zauna, sai ya sa ƙafa ya shure kujerar. 'Yan jarida suka laƙaba masa suna fusataccen saurayi, sunan ya bi shi.

Ba banza mutanen Indiya suka rungumi wannan fushi ba. Shekarun sun yi tsanani: tsadar kaya, rashin aikin yi ga waɗanda suka gama makaranta, cin hanci a ofisoshi, yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1974 da gwamnati ta murƙushe, sannan a watan Yunin 1975 firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci da ta ɗauki wata 21. Mutumin da ɗan sanda ya mara da safe, mai gida ya hana shi haƙƙinsa da rana, in ya shiga silima da dare ba soyayyar masu kuɗi yake son gani ba. Yana son ya ga wani ya rama masa.

Deewaar na 1975 shi ne ƙololuwar wannan. Akwai wata fitowa a cikinsa da nakan koma in kalla duk lokacin da na ji ana cewa fim ɗin faɗa ba fasaha ba ne. Vijay ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, da lambar tagulla mai 786 ɗaure a damtsensa. 'Yan daba na karɓar kuɗi daga kowane lebura ranar biyan albashi. Wani ya ƙi bayarwa, ya rasa ransa. Sai Vijay ma ya ƙi. Suka bazama nemansa lungu-lungu, da suka gaji suka koma sitonsu, sai ga shi zaune a kan kujera ya miƙe ƙafa, riga shuɗiya ɗaure a ciki, igiya rataye a kafaɗa, yana jiran su. Ya tashi ba gaggawa, ya rufe ƙofar ta ciki, ya datse kwaɗo, ya jefa wa shugabansu mabuɗin, ya ce ya ajiye a aljihu, shi zai ciro da kansa. Faɗan da ya biyo baya faɗan fim ne kawai, an yi dubunsa. Abin kallon shi ne natsuwar da ta gabace shi, da kuma abin da ya biyo bayansa: ya fito yana tangaɗi, jama'a na sowa, bai kalli kowa ba, ya nufi famfo ya tara kai. Babu alamar jin daɗin nasara a fuskarsa. Mutum ne da ya san daga yau ya bar hanyar da uwarsa ta ɗora shi. A duk tsawon fim ɗin ko waƙa ɗaya bai rera ba, a masana'antar da jarumi ba ya cika jarumi sai ya yi waƙa.

Saboda haka kada a ɗauka raina Vijay nake yi. Vijay na farko babban aiki ne. Matsalar ita ce na goma da na goma sha biyar. Duba sunan kawai, wanda ma'anarsa nasara: Vijay a Zanjeer, Vijay a Deewaar, a Trishul, a Don, a Kaala Patthar, a Shakti, a Shahenshah, a Agneepath. Uba ya gudu ko an kashe shi, uwa ta sha wuya, yaro ya taso da tabo, ya girma ya rama. Tun ana samun marubuta masu zuba sabon jini a wannan ƙashi, har aka zo lokacin da ƙashin kawai ake kawowa.

Kuma ba a ce bai yi ƙoƙarin zamewa ba. A shekarar da ya yi Deewaar da Sholay, a ita ya yi Chupke Chupke, inda ya fito malamin adabin Turanci mai tabarau da aka tilasta wa yin ƙaryar shi masanin tsirrai ne, yana ta in-ina a gaban budurwa. A Amar Akbar Anthony na 1977 akwai inda aka lakaɗa masa duka, ya dawo a buge, ya tsaya gaban madubi yana yi wa hotonsa faɗa, yana ce masa ya tsaya cak a sa masa magani, ya ɗauki filasta ya manna wa madubin a daidai inda ciwon yake. Mutum ɗaya, madubi ɗaya, kuma har yau ana dariya. Masu kallo sun karɓi barkwancinsa hannu bibbiyu, amma da sharaɗi: a yi dariya, a yi rawa, a ƙarshe dai a doki bos. In aka cire dukan, sai su janye. Alaap na 1977, inda ya fito ɗan lauya da ya zaɓi kiɗa ya bar gidan ubansa, bai yi kasuwa ba. Silsila na 1981, labarin magidanci da zuciyarsa ke wajen wata, shi ma bai kai inda aka zata ba. Furodusa ba malamin fasaha ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ciwo bashi. In ya ga fim mai naushi ya cika silima wata da watanni, marar naushi ya kwashe kaya cikin 'yan makonni, ba sai an yi masa huɗuba ba. Mu muka rubuta masa darasin da kuɗin tikitinmu, shi karantawa kawai ya yi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Coolie. Ranar 26 ga Yulin 1982, ana ɗaukar wata fitowar faɗa a Bangalore tare da Puneet Issar, Amita ya bugu a ciki, bugun da ya yi masa mummunan lahani a hanji. Ya yi makonni tsakanin rai da mutuwa a asibiti a Bombay. Ƙasar ta tsaya cak. Ana addu'a a masallatai da coci-coci da wuraren bautar Hindu, mutane na layin ba da jini, firaminista da kanta ta je duba shi. Da ya warke aka ƙarasa fim ɗin, aka sake shi a 1983. Mai ba da umarnin fim ɗin, Manmohan Desai, ya yi abu biyu. Ya tsayar da hoto cak a daidai bugun, aka rubuta a allo cewa nan ne ya ji ciwon. Sannan ya sauya ƙarshen labarin. A rubutun farko, Iqbal ɗan dakon tashar jirgin ƙasa mutuwa zai yi. Desai ya ga mutumin da ya tsallake mutuwar gaske ba zai yiwu a kashe shi a allo ba, sai aka bar shi ya sha harsasai ya tashi.

Ina fahimtar dalilin, kuma da ni ne a kujerarsa wataƙila abin da zan yi ke nan. Amma a lura da abin da ya faru. A Deewaar ya mutu a hannun uwarsa, a Sholay ya mutu bayan faɗan kan gada, kuma waɗannan mace-macen ne suka sa labaran suka yi nauyi. A Coolie kuwa labari ne ya durƙusa wa jarumi. Tsayar da hoton nan yana gaya wa mai kallo cewa ba Iqbal kake kallo ba, Amitabh kake kallo. Daga ranar da ɗan wasa ya fi duk wata rawa da za a ba shi girma, aikinsa na ɗan wasa ya shiga haɗari, domin sana'ar gaba ɗaya ita ce ka ɓace a cikin wani. Shi da bakinsa ya bayyana daga baya cewa a cikin jinin da aka ƙara masa a lokacin ne ya kamu da ciwon hanta da ya cinye mafi yawan hantarsa. Ba wanda ya yi da gangan, jinin ne ma ya ceci ransa. Amma duk lokacin da na tuna, sai in ji maganar nan ta zuma, ga zaƙi ga harbi.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Ya shiga siyasa a 1984 saboda abokinsa Rajiv Gandhi, ya ci kujerar majalisa ta Allahabad, ya ajiye ta a 1987. Ya dawo fim, Shahenshah ya yi kasuwa, Toofan da Jaadugar na 1989 suka faɗi. Bayan Khuda Gawah ya ja baya shekara biyar. Kafin ya dawo, su Aamir da Salman da Shah Rukh sun cika fage da soyayya, karen bana ya kama zomon bana.

A nan dole in ɗora masa nasa kason, don kada a ce so ya hana ni ganin laifi. Da ya dawo a 1997 da Mrityudaata, tsohuwar rigar ya sake sawa. A Lal Baadshah na 1999 yana da shekara hamsin da shida, gashi baƙi wuluk, yana rawa da 'yan matan da ya haife su. Babu wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Wanda aka daɗe da ɗaurewa, ko an kwance igiyar sai ka ga yana zagaye turken. Abin haushin kuma, masoyan da suka hana shi sauya murya a 1990, su ne suka ƙi zuwa kallon tsohuwar muryar a 1997. Sun ce kada ya canza, da bai canza ba kuma suka ce ya tsufa.

Abin da ya kwance shi ba jarumtaka ba ce, karayar arziki ce. Kamfanin da ya kafa, ABCL, wanda ya ɗauki nauyin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996, ya durƙushe, bashi ya yi masa katutu, masu bin sa har gidansa suka sa wa ido. Ya sha ba da labarin yadda ya taka da ƙafa zuwa gidan mai shirya fina-finai Yash Chopra da sassafe ya ce masa ba shi da aiki, a taimaka masa. Aka ba shi rawar shugaban makaranta mai taurin kai a Mohabbatein na 2000, da furfura a gemu, Shah Rukh Khan ne ke riƙe da soyayyar. A wannan shekarar ya karɓi gabatar da shirin kacici-kacici na talabijin, Kaun Banega Crorepati, mai kyautar rupi miliyan goma, a lokacin da ake ganin talabijin ƙasƙanci ne ga tauraron silima. A nan ne mutanen Indiya suka fara ganin sa zaune, da shekarunsa na gaskiya, yana tambayar malamin firamare ko matar aure labarin gida, yana kwantar musu da hankali in hannunsu na rawa. Sai da suka saba da wannan dattijon a falonsu kafin suka yarda su biya kuɗi su gan shi a silima.

Har a nan ma an so a sake kafa masa wani turken. Uba mai tsauri a Mohabbatein, uba mai tsauri a Kabhi Khushi Kabhie Gham, uban da 'ya'ya suka wulaƙanta a Baghban. Da ya biye, da fusataccen saurayi ya koma fusataccen tsoho, shi ke nan. Abin da ya taimake shi a wannan karon har da sauyin da gidajen kallon kansu suka yi. Tsohuwar silimar Indiya babban zaure ɗaya ce mai kujeru ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu, kuma in ba ka cika ta ba ka yi asara, don haka dole fim ya gamsar da kowa a lokaci guda: faɗa, waƙa, dariya, kuka. Daga 1997, da aka buɗe gidan kallo na farko mai ƙananan zauruka da yawa a Delhi, irinsu suka yaɗu a manyan birane. Ƙaramin fim ya samu inda zai tsaya ya mayar da kuɗinsa da 'yan kallo kaɗan. Wato ba wai masoyan da ne suka tuba ba. An samu hanyar da za a yi fim ba tare da an nemi izininsu ba.

Sai ga Black a 2005, inda ya fito malamin wata yarinya makauniya kuma kurma, mutum mai zafin rai da shaye-shaye, wanda a ƙarshe ciwon mantuwa ya cinye shi har ɗalibar ta koma koya masa kalmomin da ya koya mata. Sai Paa a 2009. Yana da shekara 67 ya fito a matsayin Auro, ɗan makaranta mai shekara goma sha biyu da ke da cutar da ke tsofar da yaro tun yana ƙarami, ɗansa na cikinsa Abhishek kuma ya fito a matsayin ubansa. An rufe fuskar da roba har ba ka gane shi, tsayin nan ya ranƙwafe, muryar nan ta koma 'yar siririya ta yaro mai tsiwa. A jerin sunayen farkon fim ɗin an gabatar da shi a matsayin sabon ɗan wasa, kuma wasan da aka yi da kalmar ya dace. Shekara goma sha tara bayan an tilasta masa mayar da muryarsa, ya sake ajiye ta, wannan karon ba wanda ya ce lasifika ta lalace.

Kada labarinsa ya rufe mana ido mu ɗauka kowa na samun wannan dama ta biyu. Shi ya yi tsawon rai, ya kuma yi sunan da ko ya faɗi ana ɗaga waya in ya kira. Amjad Khan ya taka rawar sarki mai son waƙa da rawa, Wajid Ali Shah, a fim ɗin Satyajit Ray a 1977, ya taka ta da laushin da ba ka zata ba, amma har ya rasu a 1992 Gabbar, mugun da ya fito a matsayinsa a Sholay, ake kiran sa. Na mata ya fi muni, don su ba a ma jira su tsufa. Waheeda Rehman matarsa ce a Kabhi Kabhie a 1976, bayan shekara biyu ta zama uwarsa a Trishul. Rakhee, wadda ya girme ta da kusan shekara biyar, masoyiyarsa ce a Muqaddar Ka Sikandar a 1978, a 1982 ta zama uwarsa a Shakti. Shi an bar shi yana saurayi har ya doshi sittin, su an naɗa musu furfura suna 'yan talatin da wani abu zuwa arba'in. Wannan ma ba furodusa kaɗai ya yanke ba. Ya san abin da za mu karɓa ba tare da mun ɗaga gira ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta da rauni. Za a ce mai kallo kuɗinsa ya biya, ba makaranta ya zo ba, yana da 'yancin ya nemi abin da ke faranta masa rai. Leburan da ya tara kuɗin tikiti da ƙyar ba shi da lokacin taya wani attajirin jarumi gwaje-gwajen murya. Gaskiya ne, kuma ban ce a tilasta wa kowa kallon abin da ba ya so ba. Za a kuma ce ba kowane ɗan wasa ne ke da fuska goma ba, wani abu ɗaya ya iya kuma ya iya shi da kyau, a bar shi a kai. Wannan ma gaskiya ne. Inda na tsaya shi ne, wanda ya ƙi zuwa kallon sabon abu ya rasa bakin cewa jarumin ba ya kawo sabon abu. Ba za ka ɗaure akuya a turke ba sannan ka yi mata gorin ba ta san daji ba. Kuma asarar ba ta jarumin kaɗai ba ce. Tsakanin Shakti da Mohabbatein shekara goma sha takwas ne, daga yana arba'in zuwa yana dab da sittin, shekarun da ɗan wasa ya fi ƙarfi da sanin duniya a lokaci guda. Fina-finai irin su Saudagar nawa ne ba a yi ba a wannan tsakanin? Mu ne ba mu gan su ba.

Na dai samu na zaunar da yaya muka kalli Piku, na 2015, wanda Shoojit Sircar ya ba da umarni. Tsoho ne ɗan asalin Bengal da ke zaune a Delhi da 'yarsa, Deepika Padukone, ya hana ta sakat. Duk hirarsa ta bayan gida ce: ya fita, bai fita ba, launinsa kaza. Har ofis yake aika mata da saƙon rahoton cikinsa a karanta a gaban mutane. In saurayi ya matso kusa da ita sai ya kore shi da magana, don yana tsoron ta yi aure ta bar shi. Da za su tafi Kolkata ya ƙi jirgin sama, ya ƙi jirgin ƙasa, aka ɗaure kujerarsa ta ba-haya a saman mota, Irrfan Khan na tuƙi yana cizon haƙora. Ga tumbi, ga na'urar ji a kunne, ga hular sanyi. Mutumin da ya jefa wa ɗan daba mabuɗi, shi ne yake rigima a kan wa ya ɓoye gishiri. Sunan tsohon Bhashkor Banerjee, sunan likitan nan na Anand da ya yi shekara 44 kafin nan, kuma rawar ce ta kawo masa kambun ƙasa na huɗu.

Yaya ya yi ta tsaki a rabin farko. Can wajen inda tsohon ya saci jiki ya hau keke shi kaɗai yana zaga titunan Kolkata, yana kallon unguwannin ƙuruciyarsa yana murmushi, sai na ji tsakin ya tsaya. Da gari ya waye a fim ɗin aka je tashin tsohon bai tashi ba, yaya ya miƙe ya ce zai sha ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo na ce, "Yaya, ya ka gani?" Ya ce ba laifi, tsohon ya tuna masa da Baba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in nemo masa Deewaar in sa masa daga wajen siton nan.